Lambar Yabo Na Neman Raba Ni da Ajina

Allah ya gafarta Malam, ina neman shawara a kan wani al'amari wanda zahirinsa ni'ima ne, amma ya hana ni sukuni. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati a Jihar Jigawa, kuma a ranar 5 ga Oktoba da ta gabata, wato Ranar Malamai ta Duniya, aka karrama ni da lambar yabo. Tun daga ranar takardun gayyata ba su yanke ba. A makon jiya kaɗai, Litinin ina Dutse wajen bitar malamai, Talata na kwana Kano domin hira a gidan rediyo, Laraba na kama hanyar Kaduna, daga can sai Abuja, ban sa ƙafa a gida ba sai daren Asabar, ina ta sallar ƙasaru a tashoshin mota.

Da na shiga ajin ƙarshe ranar Litinin da ta biyo baya, sai na tarar da aikin da na bari a kwafa yana nan a allo yadda aka rubuta shi, ba a goge ba, ba a kuma fahimta ba. Wata yarinya a layin baya ta miƙe ta ce, "Malam, mun ji ka a rediyo, mu yaushe za mu ji ka?" Shugaban makaranta yana cewa in je, martabar makaranta ce, maiɗakina ta fara ƙorafi, wasu masu gayyatar ko kuɗin mota ba sa bayarwa, in kuwa na ƙi zuwa, a ce girman kai ya shige ni. Yaya zan yi?

Malamin lissafi, Jihar Jigawa

AMSA

Ɗan'uwana malam, ina taya ka murna, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan karramawa ta zama mafarin alheri, domin a ƙasar da malami kan tsufa da alli a hannu ba tare da wani ya ce masa sannu ba, duk ranar da aka kira sunan ɗaya daga cikinku a bainar jama'a, ranar farin ciki ce ga duk mai kishin ilimi.

Amma tun da ka nemi nasiha, ba zan ɓoye maka ba: yarinyar nan ta fi duk masu gayyatarka gaskiya, kuma haƙƙinta ya rigayi nasu. Albashin da kake karɓa ladan tsayuwa ne a gaban waɗannan yara, iyayensu sun damƙa maka su amana, jarrabawar WAEC kuwa, wadda akan shiga wajajen Afrilu da Mayu, ba za a ɗage ta ba don malaminsu yana jawabi a Abuja. Wanda ya faɗi lissafi a cikinsu, ƙofar mafi yawan fannonin jami'a ta rufe masa ke nan a wannan shekara, alhali masu tafa maka a zauren taro ba su san ko sunansa ba.

Magabata sun bar mana tafarki a wannan mas'ala. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya lazimci Madina yana karantarwa, har ɗalibai suka riƙa zuwa masa daga Misira da Ƙairawan da Andalus, kuma an ruwaito cewa da Halifa Haruna Rashid ya nemi ya zo masa da karatu, bai amsa ba, sai halifan ne ya taka ya je. Wani zai ce ai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi yawon wa'azi daga Ɗagel zuwa Kabi da Zamfara, inda ya shafe kimanin shekara biyar. Haka ne, sai dai almajiransa, har da ƙanensa Abdullahi, tare da shi suke tafiya, karatunsu bai tsaya ba. Kai kuwa naka almajiran suna zaune a kan benci suna jira. Wadda halinta ya fi kusa da naka ita ce 'yar Shehu, Nana Asma'u, wadda da buƙatar matan karkara ga ilimi ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ta horar da mata malamai da ake kira jaji, suka riƙa kai karatun ƙauyuka a madadinta.

Saboda haka ba na ce ka rufe ƙofa ba. Gayyatar da ta faɗo ranar Asabar ko lokacin hutu, ka amsa. Ta ranar karatu, ka nemi a ɗaga, in ba ta ɗaguwa ka ba da uzuri a rubuce cikin ladabi, ka ambaci ɗalibanka, domin babu mai hankalin da zai kira wannan girman kai. Wadda ta zama tilas, kamar kiran ma'aikatar ilimi, ka tafi da izini a rubuce, bayan ka zauna da wani abokin aikinka ya karɓi darasin da bakinsa, ba a bar wa allo ba. Ka fifita bitar malamai a kan bukukuwan cin abinci, ka kuma riƙa tura 'yan'uwanka su wakilce ka, su ma a san su. Kada ka ji kunyar tambayar kuɗin mota da masauki tun kafin ka amsa. Abincin iyalinka ba na sadaukarwa ba ne, kuma maiɗakinka tana da haƙƙi a cikin kwanakinka.

Idan ka hau mumbari kuma, ka taƙaita labarin kanka, ka faɗi halin ajin da yara suka cika har wasu na zaune a ƙasa, da malamin da ƙarin girmansa ya makale shekara da shekaru, saboda yanzu ana sauraronka, su kuwa ba a sauraronsu.

Ka fara da wannan makon: ka tara 'yan ajin nan, ka sa musu ranakun ramuwa da yamma, ka soma daga aikin da ke kan allo. Ka kuma rubuto mana bayan jarrabawa mu ji yadda suka yi. Allah ya yi jagora, wassalam.