Milimita ɗaya a ƙarƙashin yatsa

Lokacin da aka tura mu koyon aiki, ni wajen wani mai gyaran fiyano a Jos na faɗa, kuma abin da ya fi wahalar da ni milimita ɗaya ce tak. 'Yan sashen injiniya, ku matso, lissafinku ne.

Babban fiyano, irin na kwance ɗin nan, yana da maɓalli 88. In ka danna ɗaya yakan nutse kusan milimita 10, wannan shi ne zurfinsa. Gudumar da ke bugun waya kuwa tana zaune kamar milimita 46 ƙasa da wayar, kuma tafiyarta ta ninka ta maɓallin wajen sau biyar. Saura milimita 2 ta kai, sai sandar da ke tura ta ta zame, gudumar ta ƙarasa da kanta. To raba 44 da biyar: kusan 9 ke nan. Wannan milimita ɗayar da ta rage bayan sandar ta zame, ita muke kira ragowa. In babu ita, guduma ta dinga bugun waya sau biyu, makaɗi ya ji kamar yana danna dutse. In ta yi yawa, maimaita sauti da sauri ya gagara.

Ranar da maigidana ya bar ni da fiyanon wani coci da ragowarsa ta ɓace, sai na ce ai abu mai sauƙi ne. Ƙarƙashin gaban kowane maɓalli akwai zoben ulu, da siraran zobban takarda da ake ƙarawa ko a rage. Na yi ta zare takardun har zurfi ya haura 11. Ragowa ta dawo kam, amma baƙaƙen maɓallan sai suka riƙa nutsewa tsakanin fararen.

Da ya dawo ya danna biyu-uku, ya dube ni. "Yaro, ka auna guduma kuwa?"

Ban auna ba. Ashe shekaru sun matse ulun da ke cikin injin, gudumomin sun sauka, nisan ya kai 49. Ciwon yana can, ni ina ta magani a gaba. Tsarin shi ne: a daidaita tsayin maɓallai, sai nisan guduma ta hanyar murɗa sukurun da ke bayan maɓalli, sai wurin zamewa, sannan zurfi.

Kwana biyu na yi ina mayar da takardun nan ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ga shi ranar Lahadi za a kaɗa shi.