Farashin Talla da Farashin Gaskiya

Kawuna na Jajaye ya ji tallar tikitin jirgin sama daga Kano zuwa Ikko, ya tanadi daidai kuɗin. Wajen biya sai aka ɗora masa kuɗin mai da na kaya, dole ya fasa tafiya.

Da na bincika, ashe ba shi kaɗai ba ne. Daga 2004 zuwa 2006 kamfanonin British Airways da Virgin Atlantic sun haɗa baki kan ƙarin kuɗin mai. Fasinjoji suka taru suka kai ƙara guda a Amurka. A 2008 kamfanonin suka yarda su mayar da wajen dala miliyan 200.

'Yan'uwana ɗalibai, mu tambayi jimlar kuɗi kafin biya. In an cuce mu kuwa, mu haɗa kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.