Amsoshin Tambayoyinku: Ƙofar Sienna ta ƙi buɗewa

Tambaya: Ina da Toyota Sienna ƙirar 2008 da nake ɗaukar fasinja da ita daga Azarori zuwa Madawa, wani lokaci har Buza da Keita. Tun shigowar hunturu ƙofar gefe mai zugewa da lantarki ta fara nauyi, yanzu kuma in na danna maɓalli sai ta yi ƙara kawai ba ta motsi. Wani bakanike ya ce a sauya injin ƙofar gaba ɗaya. Mece ce shawararku? Daga wani direba a Azarori.

Amsa: Kada ka yi gaggawar sayen inji. Sau da yawa ƙofar nan lafiyarta ƙalau, wani abu ne ya hana ta. Fara da abin da ba ya cin ko dala.

A gefen hagu na sitiyari akwai maɓallin da ke kashe lantarkin ƙofofin, kuma gwiwar direba ko hannun mai wanki kan taɓa shi ba a sani ba. Duba shi. Sa giya a P, ka tabbata ba a kulle ƙofar take ba. Idan ta hagu ce, leƙa murfin tankin mai: an ƙera motar yadda muddin murfin na buɗe ƙofar ba za ta zuge ta buge shi ba. Idan kuma daga ciki kaɗai take ƙi, makullin yara ne da ke bakin ƙofar. Sai batir. Lafiyayye yakan nuna wajen bolt 12.6 in mota na kashe, kuma zafin yankinku na Adar ba ya barin batir ya daɗe. In an taɓa cire kansa, rufe ƙofar ruf da hannu domin kwamfutar ta gane inda take.

Idan duk wannan bai yi ba, kasa kunne, ƙofar da kanta za ta faɗa maka ciwonta. Shiru ɗungum yana nuna fiyus, ko maɓalli, ko wayoyin da ke lanƙwashewa tsakanin ƙofa da jikin mota. Ƙas ɗaya ba motsi, sakatar baya ce ba ta saki ba. Idan ta taso kaɗan ta koma, ta ji cikas ne, domin an yi ta ta ja da baya kada ta matse hannun yaro. Idan kuwa inji na gunji ƙofa na tsaye, kamar yadda ka kwatanta, zargi ya fi ƙarfi a kan igiyar ƙarfen da ke jan ta.

A nan ne hanyarku ta shigo. Ƙofar tana tafiya a kan ƙananan tayoyi cikin kwararo uku: sama, tsakiya da ƙasa. Motar da aka sauke a Kwatano ko Lome, an yi ta ne don titunan Amurka, ga ta yau tana shaƙar jar ƙura da rairayi, buhun albasa na zubar da ɓawo a kwararon ƙasa. Ƙura ta haɗu da giris ta zama kamar laka mai yashi, boris ya cinye, ƙofa ta yi nauyi. Igiya ce ke shan wahalar: robar jikinta ta tsage, zarenta ya warware, ta tsinke ko ta harɗe. Yaron mota da ya saba da ƙofar Hiace ya zo yana fizga da ƙarfi, ya ƙarasa ta.

Leƙa kwararon tsakiya, ƙasan gilashin baya. In ka ga igiya ta saki ko ta yi gashi, kashe lantarkin ƙofar nan take. Ana samun igiyar ita kaɗai, ko da yake sai an kwance bangon ƙofar kafin a ɗaura ta. Ka ce bakaniken ya nuna maka da idonka cewa injin ya mutu kafin ka biya. Idan aljihu bai kai ba, a cire tsinkakkiyar igiyar, ƙofa ta koma ta hannu, ka ci gaba da neman abincinka. In fiyus ne ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa. Masu naɗa masa waya, garin neman gira suke rasa ido.

Abu ɗaya ne ba a sassauci a kai: sakata. A 2016 Toyota ta yi kiranyen Sienna ƙirar 2011 zuwa 2016 a Amurka, saboda ƙofar na iya buɗewa ana cikin tafiya. Taka ba ta cikinsu, amma kada ka ɗauki fasinja da ƙofar da ba ta kama sosai ba.

Bayan gyara, duk ranar da ka dawo daga Keita share kwararo ukun da busasshen buroshi, ka goge tsohon giris kafin ka shafa sabo ɗan kaɗan. Yaron motarka kuma ya ja hannun ƙofa sau ɗaya ya saki. Allah ya tsare hanya.