Ciyar da Tumaki Masu Ciki da Sailej: Nazari a Kan Biyan Buƙatarsu ta Kuzari

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, tumaki irin su 'Yankasa da Uda da Balami sukan ɗauki ciki a ƙarshen damina, su shiga watannin nauyi a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta bushe. Wannan maƙala ta duba yadda sailej zai cike wannan giɓi. Sailej shi ne ɗanyen karan masara ko dawa ko ciyawa da aka daddatse, aka danƙare a rami, aka toshe wa iska hanya har ya tsimu.

2.0 Buƙatar Tunkiya Mai Ciki

Cikin tunkiya kan kai kimanin kwana 150. Kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan tayi yana faruwa ne a makonni shida na ƙarshe. A wannan lokaci buƙatar kuzari na ƙaruwa, alhali mahaifa na matse tumbi, abincin da tunkiya ke iya ci yana raguwa. Idan kuzarin ya gaza, sai jikinta ya koma narkar da kitsensa, sinadaran ketan su taru a jini. Tunkiya ta ƙi abinci, ta ware daga garke, ta kwanta, sau da yawa ta mutu da cikin. Masu ɗauke da tagwaye sun fi shiga wannan haɗari.

3.0 Matsayin Sailej

Sailej na masara yana da kuzari saboda ƙwayar da ke cikinsa, amma kusan kashi biyu bisa uku na nauyinsa ruwa ne, kuma furotin ɗinsa kaɗan ne. Don haka shi kaɗai ba zai wadatar a ƙarshen ciki ba. Wajibi ne a haɗa shi da harawar gyaɗa ko ta wake, da dusa, da gishirin lasa, ana ƙara dusar sannu a hankali, ana raba ta safe da yamma.

Sailej da iska ta shiga ko ƙasa ta gauraya da shi yakan zama matattarar ƙwayar cutar listeriya, wadda ke haddasa ɓari da ciwon kewaye. Duk ɓangaren da ya yi fumfuna ko wari a zubar da shi, a kuma kwashe ragowar jiya daga komi.

4.0 Kammalawa

Tunkiyar da ta ƙoshi a makonnin ƙarshe takan haifi ɗa mai nauyi, ta kuma samar da isasshen dakashi. Shirin hakan yana farawa ne tun da damina, ranar da aka cika rami.