ZAƁEN WAYAR LANTARKI DON ƊAKUNAN GONA DA WURIN CAJIN MOTA

Manomi da yawa sukan ja wuta daga gida zuwa ɗakin kaji, ko sito, ko rijiyar burtsatse, yanzu kuma ga masu babur, keke ko mota mai aiki da lantarki da ke bukatar wurin caji. Sau tari ana sayen waya ne bisa araha. Siririyar waya kuwa takan ɗauki zafi, robarta ta narke, inji ya ƙone, wani lokaci har gobara ta tashi a wurin da ke cike da dusa da buhunan hatsi. Abubuwa uku ne ke nuna kaurin wayar da ta dace: nauyin kayan da za ta ɗauka, nisan wurin, da zafin hanyar da za ta bi.

Nauyin kaya

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. A duba jikin kowace na'ura a ga wat nawa take ci, a haɗa jimla, a raba da 230. Abin da ya fito shi ne yawan amp. Kayan da suka kai wat 2,300 suna jan amp 10 ke nan. Ana auna kaurin waya da murabba'in milimita, shi ne lambar da ake kiranta da ita a kasuwa. Bisa al'ada mai lamba 1.5 ta fitilu ce, mai lamba 2.5 ta soket, sai 4, 6, 10 da 16 na manyan kaya.

Nisa

A nan ne aka fi yin kuskure. Ƙarfin wuta yana raguwa a cikin waya gwargwadon tsawonta, kuma bai kamata raguwar ta wuce kashi 5 cikin ɗari ba, wato bolt 11.5. Ga fitilu ma kashi 3 ne. A ɗauka ɗakin kaji yana nisan mita 100 daga gida, yana jan amp 10. Wayar jan ƙarfe mai lamba 2.5 za ta iya ɗaukar wannan nauyi, amma za ta yi asarar bolt 18 kafin wutar ta isa. Mai lamba 4 za ta yi asarar bolt 11, ta tsallake da ƙyar. Mai lamba 6 kuwa kimanin bolt 7 kawai. Tun da wutar da ke zuwa karkara sau da yawa ba ta cika ba tun daga tushe, mai lamba 6 ita ce zaɓin da ya fi. Injin famfo ya fi kowa jin jiki, domin idan wuta ta yi rauni yakan ƙara jan amp, ya yi zafi har ya ƙone.

Wurin cajin mota

Cajar mota ta gida mai kilowat 7.4 tana jan amp 32, kuma tana yin haka awanni a jere ba hutawa. Saboda haka tilas a ba ta layinta daban tun daga akwatin rarraba wuta, da birekarta, da na'urar da ke yanke wuta idan ta tsiyaye da miliamp 30, irin wadda mai cajar ya ƙayyade. Kada a haɗa ta da soket ɗin ɗaki. A nisan mita 40, mai lamba 6 tana asarar bolt 9 da 'yan kai. A mita 60 asarar ta kai bolt 14, sai a koma mai lamba 10.

Zafi ma yana da tasiri. An ƙiyasta ƙarfin waya ne a kan zafin digiri 30. Mai lamba 6 da ke cikin bututu tana ɗaukar kimanin amp 38, amma a ƙarƙashin kwano inda zafi ya kai digiri 45 sai ta dawo amp 30, ƙasa da bukatar cajar. A irin wannan wuri mai lamba 10 ce ta dace ko da nisan kaɗan ne. Cajar babur da ta keke ba su kai haka ci ba. A karanta abin da aka rubuta a jikinsu.

Irin waya da yadda za a ja ta

Alminiyam ya fi araha, sai dai kimanin kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, don haka sai an ƙara kauri. A yi hattara da wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe: a kankare bakinta da wuƙa, in cikin fari ne to ita ce. A nemi mai tambarin Hukumar SON.

Tsakanin gini da gini, waya mai sulke ita ce ta fi, a binne ta zurfin da bai gaza santimita 60 ba, a kan yashi, nesa da inda garma ke bi. A cikin ɗakin dabbobi da sito a sa waya a bututu saboda ɓeraye da danshi. Kada a bar gini ba wayar ƙasa, kuma a ba aikin ga ma'aikacin lantarki mai takardar shaidar Hukumar NEMSA, ya gwada layin kafin a kunna.