Fentin Hana Ruwa a Harsashin Dutse

Harsashi, wato gindin gini da ke binne cikin ƙasa tare da ɗan abin da ya ɗago sama da ita, shi ne sashen ɗaki da ya fi haɗuwa da ruwa, domin ruwan da ya sauko daga rufi a gindinsa yake faɗuwa, wanda ya kwaranyo daga tsakar gida a jikinsa yake tsayawa, danshin ƙasa kuma ta cikinsa yake hawa. Mutanen Zabori da ƙauyukan da ke kewaye da ita ba su buƙatar a koya musu wannan, tun da yankinsu na kudancin jihar Dosso, daga Junju zuwa Gaya, yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk Nijar, har akan samu kimanin milimita 800 a shekara a Gaya, tsakanin Mayu da Oktoba, mafi yawansa a watan Agusta. Shi ya sa mai hali yakan ɗora gininsa na ƙasa ko na bulo a kan dutse, galibi marmara, wato jan dutsen nan mai ƙananan ramuka da ake sarowa a kan tudu.

Lissafi kaɗan zai nuna girman abin da harsashi ke fama da shi. Milimita 1 na ruwan sama a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi daidai yake da lita 1. Ɗaki mai mita 5 da mita 4 yana da rufi mai murabba'in mita 20, saboda haka a shekarar da aka yi milimita 800, lita 16,000 ne ke sauka daga rufinsa, wato ganga 80 mai cin lita 200, kuma idan ba a yi musu hanya ba duk a gindin bango suke zuba. Waɗanda suka ga daminar 2024, wadda ta rushe dubban gidaje a Nijar har da tsohon masallacin Zinder da aka gina da ƙasa, sun san cewa gini ba ya wasa da ruwa.

Dutse kansa ba ya narkewa, amma yana shan ruwa, haka ma kwaɓin da aka haɗa duwatsun da shi. Ruwan ƙasa yana bin ƙananan ƙofofin da ke cikinsu ya yi sama kamar yadda kananzir ke bin lagwanin fitila, yana ɗauke da gishirin da ya narke a cikinsa, kuma idan ya iso fuskar bango ya bushe sai ya bar gishirin a nan. Wannan shi ne farin garin da ake gani a gindin ɗakuna, wanda ke cinye yaɓe ya mai da shi gari. A ƙasar da Dallol Mawri da Dallol Foga suka ratsa, inda ruwa yake kusa a fadamu, inda kuma ake dafa gishirin Foga daga ƙasa tun zamanin kakanni, ba abin mamaki ba ne a ga wannan farin gari a bango.

Magina na dā suna da nasu magani, domin suna yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a manyan garuruwa kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da dafara da gashin akuya. Yau an samu fentin hana ruwa, wato fenti mai kauri da ake shafa wa dutse ko siminti domin ya toshe ƙofofinsu, kuma ana samunsa a shagunan kayan gini na Gaya, da Malanbil a tsallaken gada cikin Benin, da Kamba a jihar Kebbi. Akwai na roba da ake wanke burushinsa da ruwa, akwai mai warin fetur, akwai kuma baƙin nan na kwalta da ake shafa wa sashen da za a binne. Dukkansu suna aiki idan an bi ƙa'idarsu, kuma babbar ƙa'idarsu ita ce ba a shafa su a kan jiƙaƙƙen bango.

A nan ne ake tafka asara kowace shekara. Da rani, lokacin da bango ya bushe har cikinsa, ba wanda ke tunawa da harsashi, sai damina ta yi tsakiya, danshi ya fito, sannan a ruga kasuwa. Dalilin da ya sa aikin ke lalacewa a fili yake: fentin yana kama dutse ne ta hanyar shiga cikin ƙofofinsa ya bushe a can, to idan ƙofofin cike suke da ruwa ba shi da inda zai shiga, sai ya kwanta a sama ya zama fata. Ruwan da aka rufe a ciki kuwa ba ya ɓacewa, idan rana ta bugi bango sai ya nemi fita ya tura fatar ta kumbura, gishiri ya taru a bayanta ya ɓamɓare ta, sauran danshin kuma ya ƙara hawa sama ya fito a inda fentin ya ƙare, wato a jikin tubalin ƙasa wanda ba shi da ƙarfin dutse. Wanda ya yi fenti a kan danshi bai tsaya a asarar kuɗin gwangwani ba, ya kuma ɗaga ruwan zuwa wurin da ya fi rauni.

Abin da akan gani a gidaje kusan iri ɗaya ne. A tsakiyar Agusta uwargida takan janye gado ta tarar bayansa ya yi baƙi, tabarma tana wari, kwanonin jere sun fara tsatsa, buhun geron da aka jingina da bango ya yi fumfuna, sai ta tsare maigida a bakin ƙofa tun bai cire takalmi ba.

"Malam, ka shigo ka ga ɗakin nan da idonka. Kayan da iyayena suka yi mini ne za su ƙare a ruɓe?"

Maigida, wanda ya gaji da maganar, yakan sayar da ɗan akuya ranar kasuwa ya dawo da gwangwani a bayan babur, kuma ranar farko da gari ya washe sai ya kira babban ɗansa su hau aiki, yara sun kewaye su suna roƙon a ba su burushi, ƙaramin cikinsu ya riga ya tsoma hannu har wuyan hannu. Tsohon maginin unguwa, yana wucewa zuwa masallaci, yakan tsaya ya dafa bangon da tafin hannu.

"Ɗana, bangon nan a jiƙe yake. Ka bari sai an kai amfanin gona gida."

"Haba Baba, jiya da yau ai rana ake ƙwallawa. Taɓa ka ji, har zafi ya yi."

Tsoho yakan girgiza kai ya wuce. Kafin la'asar bango ya yi fari tas, uwargida ta yi guɗa, maƙwabta sun leƙo suna sam barka, amarya kuwa, wadda ba a gaya mata komai ba, ta ɗauko ruwan wanke-wanke ta watsa a gindin bangon kamar yadda ta saba. Bayan ƴan makonni fentin ya yi bororo, tumaki suna goga jiki yana zuba, yara suna ɓare shi da farce, maigida kuma yana zaune a zaure yana rantsuwa cewa jabu aka sayar masa. Mai shago bai cuce shi ba. Rana ta kwana biyu fuskar dutse kawai take busarwa, cikinsa kuwa, bayan watanni yana shan ruwa, sai ya yi watanni kafin ya saki.

Saboda haka lokacin wannan aiki a ƙasar Zabori shi ne tsakiyar rani, daga Janairu zuwa farkon Maris, bayan iskar hunturu ta daɗe tana busar da gini, kafin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ya zo, wanda ke busar da fenti tun bai shiga dutse ba. Ko da rani ma ba a yarda da ido ko tafin hannu, ana gwadawa ne da leda. Ana yanko leda mai kimanin santimita 45 kowane gefe, a manna ta a jikin harsashi, a liƙe gefunanta huɗu yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana ɗaya cur. Idan aka ɓare aka ga raɓa a bayanta, ko dutsen ya fi na kusa da shi duhu, to da sauran ruwa a ciki, sai a rufe gwangwani a jira. Wanda ya ga raɓa ya ce ai kaɗan ce, ya koma sahun maigidan da aka ambata.

Sauran aikin sananne ne ga duk wanda ya taɓa taya magini. Ana tone ƙasar da ke jikin harsashi ta waje kaɗan-kaɗan, gefe ɗaya a gama a mayar sannan a koma wani, domin tone ɗaki duka a lokaci guda yana iya sa bango ya zauna. Ana kankare farin gishiri da tsohon fenti da burushin waya a share ƙura, a cike tsagu da ramukan da ke tsakanin duwatsu da kwaɓin siminti awo 1 da yashi awo 3, ko simintin na Malbaza ne ko na Sakkwato, a riƙa yayyafa masa ruwa kwanakin farko, sannan a bar shi kwana 28 ya yi ƙarfi ya bushe. Wannan jira ma ana yawan tsallake shi, alhali sabon kwaɓi jiƙaƙƙen bango ne. Bayan haka sai a motsa fenti sosai ba tare da an tsinka shi don ya yi auki ba, a shafa da safe da burushi mai tauri ana cusa shi cikin ramukan marmara, a jira iya lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani, a sake shafa na biyu. Marmara tana da ci, shafin farko na fenti mai kauri yakan cinye lita 1 a kimanin murabba'in mita 2. Mai warin fetur ba a buɗe shi kusa da murhu, gwangwanin da ya ƙare kuma ba a zuba ruwan sha ko abinci a ciki.

Akwai wani iri da ke zuwa a buhu kamar siminti ana kwaɓa shi da ruwa, wanda shi kam ana ɗan yayyafa wa fuskar dutse ruwa kafin a shafa shi, don kada dutsen ya tsotse ruwan kwaɓin. Kada wannan ya zama hujja ga masu gaggawa, domin yayyafi a fuskar busasshen dutse daban yake da bangon da ruwa ke tsattsafowa daga cikinsa. Haka kuma fentin ya tsaya a kan dutse da siminti, kada a haura da shi jikin ginin ƙasa, wanda lafiyarsa ita ce ya sha danshi ya fitar, kuma yaɓe ne maganinsa.

Fenti ba ya iya tare ganga 80 shi kaɗai, don haka ana mayar da ƙasa a daddaɓe ta ta gangara nesa da bango, kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko, ko a yi dakali, a kuma ƙara wa indararo tsawo a sa duwatsu inda ruwansa ke faɗuwa. A nan ne maƙwabtaka ke shigowa, domin a kowace unguwa akwai wanda ya juya rariyar gidansa ta fuskanci bangon wani, da wanda ke tara taki da shara a jikin katangar da ba tasa ba, da wanda ya bar kwata ta toshe tun bara yana jiran ruwa ya share masa. Irin waɗannan ana yi musu magana tun da rani, a gaban mai unguwa idan ta kama, domin harsashin da rariyar maƙwabci ke jiƙawa kullum ba zai ci gwajin leda ba ko a watan Maris, kuma muddin bai ci ba, ba a shafa masa fenti.