Jirgin ƙasa daga bakin teku zuwa Daura da Maraɗi

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Siminti, taki da shinkafa da ake sayowa waje, sai sun sauka a Kwatano, Lome ko Ikko, sannan mota ta ɗauko su. Kuɗin wannan doguwar tafiya, mai saye ne ke biyan shi a kasuwar Bande.

Tsofaffi sun san haka tun zamanin cinikin gyaɗa. Ana awon gyaɗa a Magariya, manyan motoci su kai ta Kano, jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku. Hanyar jirgin ta iso Kano a 1911. Amma tsohuwar hanya ce, tsukakkiya. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe mita 1 ne da santimita 7 ba kaɗan, jirgi ba ya iya gudu sosai a kanta.

Sababbin hanyoyi sun fi faɗi: mita 1 da santimita 43 da rabi. Irin su Nijeriya ta buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, da Ikko zuwa Ibadan a 2021. Jirgin sabuwar hanya ba ya hawa tsohuwa, ƙafafunsa ba su zama a kanta. Inda hanyoyin biyu suka gamu, sai a sauke kaya a sake lodi, kuma kuɗi ne.

A 2021 aka aza harsashin wata sabuwar hanya daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284. An tsara ta bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ba ta biyo ta Bande ba. Amma Daura ba ta da nisa da Magariya. Idan jirgi ya soma tsayawa can, mai buhun wake ko tumaki zai samu tasha kusa da gida. Sai dai kafin kaya su tafi teku a kan sabuwar hanya ba saukewa, dole a gama haɗa Kano da Kaduna, a kuma haɗa Abuja da Ibadan.

Akwai kuma jirgi mai tsananin gudu. Na farko a Afirka yana ƙasar Maroko, an buɗe shi a 2018. Sunansa Al Buraƙ. Da wutar lantarki yake tafiya, mutane kaɗai yake ɗauka, ban da dabbobi da buhuna. Yana bin bakin teku daga Tanja zuwa Kenitra, Rabat da Kazablanka. Tsakanin Tanja da Kenitra yana cin kilomita 320 cikin awa guda. Da a ce hanyar Damagaram zuwa Kano ce, da bai cika awa ba ya isa. Tafiyar Tanja zuwa Kazablanka, wadda a da ke cin awa 4 da minti 45, ta koma awa 2 da minti 10.

Irin wannan jirgi ba ya tsayawa kowane gari. Mai zuwa Fas sai ya sauka a Kenitra, ya canja jirgi. Mai zuwa Marrakesh ya canja a Kazablanka. Lokacin tashi da lambar kujera suna rubuce a jikin tikiti, sunan gari yana kan allon tasha. Jirgi ba motar kasuwa ba ne, ba ya jiran a cika. Wanda bai iya karatu ba, sai ya yi ta tambaya, kafin a ba shi amsa jirgi ya tashi.